Yadda Ake Sauya Inji a Motar Niƙa Daji, Mataki-Mataki

Tun shigowar kaka tambaya ɗaya ke ta dawo mini daga masu manyan gonaki da 'yan kwangilar share fili: injin motar niƙa daji ya buga, yaya ake sa wani? Wasu a nan Jos suke, wasu daga Toro da Saminaka, har da mutanen Abuja masu share filayen gini. Amsawa guntu-guntu a waya ta ishe ni, shi ya sa na zauna na jera aikin yadda muke yinsa a gareji. Motar da nake nufi ita ce mai tafiya a kan sarƙa kamar katafila, da ganga mai haƙora a gabanta tana cin itace da ƙaya tana mayar da su dusa, wadda yaran aiki ke kira malca. Ko FAE ce, ko Fecon, ko Rayco, ko ƙaramar Bobcat da aka ɗaura wa kan niƙa, hanyar kusan ɗaya ce.

Riƙe wannan kafin mu ɗauki sifana. A mafi yawan waɗannan motoci inji ba ya taɓa ganga, ba ya taɓa sarƙa. Famfon haidirolik kawai yake juyawa, famfon ne ke tura mai ya yi sauran aikin. Saboda haka famfo ne maigida, inji ɗan aikensa. Duk injin da bai dace da famfon ba, komai kyansa da arahar sa, kaya ka sayo wa kanka.

Mataki na 1: Gano abin da ya kashe tsohon

Kowa na gaggawar tsallake wannan, alhali shi ne mafi araha. Inji ba ya mutuwa haka siddan. Idan ba ka gano sanadin ba, abin da ya ci na farko yana nan yana jiran na biyu.

Kwance tiyon iska da ke tsakanin filta da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji iska, ka zura yatsa ciki ka shafa. In yatsan ya fito da jar ƙura, to ƙurar hunturu ce ta ci ringi da silinda, kuma akwai tsaga a tiyon ko murfin gidan filta ba ya kamawa. Haska tocila ta bayan lagireto. In haske bai fito ta gaba ba, dusar itace ta toshe shi, zafi ne ya yi kisan. Yanka filtar baƙin mai, ka buɗe takardar ciki a rana: ƙyalƙyalin jan ƙarfe na nufin metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, ya narke. Sannan ka tambayi direba a gefe, ba a gaban Alhaji ba, a wane irin wuri motar ta tsaya. Sau da yawa a gangare ne, inda mai ya taru gefe guda famfon mai ya shaƙi iska. Filato kuwa ba ta rasa gangare, ga tsofaffin ramukan kuza ko'ina.

Wani lokaci binciken nan zai nuna maka ba ka ma buƙatar wani inji. In bulo, wato jikin injin kansa, bai fashe ba, karanshaf kuma zai ɗauki gurza, gyaran naka da ka san tarihinsa ya fi sayen wanda ba ka san inda ya kwana ba.

Mataki na 2: Auna kafin ka biya

A nan ake cin riba, a nan ake tafka asara, don haka zan daɗe.

Fara da farantin da ke jikin tsohon injin. Ɗauki hotonsa: lambar inji, ƙarfin doki, da yawan juyi a minti. Injin Cummins na da lambar CPL, Perkins na da lambar jerin ƙira a farkon lambar injin, Caterpillar na da lambar tsari. Waɗannan lambobi su ke faɗin ainihin yadda aka haɗa shi. Inji biyu na iya zama QSB 6.7 dukansu, amma ɗaya an saita shi don janareta, ɗaya don motar aiki, kuma ba su maye gurbin juna.

Juyi shi ne abu na farko. Injinan waɗannan motoci galibi suna aiki a juyi 2,200 zuwa 2,500 a minti. Injin janareta kuwa, saboda wutar ƙasarmu mai zango 50 ce, an ɗaure shi a 1,500. Kuma injin janareta shi ya fi yawa a kasuwa, shi ya fi araha, shi dillali zai fara nuna maka.

Ga lissafin. Ka ce famfonka na tura mai cc 100 a kowane juyi. A juyi 2,200 lita 220 ke nan a minti. A 1,500 ya koma lita 150. Ƙarfin da ke isa ganga kuwa, ka ninka lita da matsin mai ka raba da 600. Matsin mai da ma'aunin ba (bar) ake auna shi. A matsin ba 350, na farko ya ba ka kilowat 128, wajen doki 172. Na biyu kilowat 87 da rabi, doki 117. Gangar da ta saba juyi 2,000 za ta sauko ƙasa da 1,400, kuma ƙarfin bugun da take tarawa a jikinta ya ragu da fiye da rabi, domin shi ba daidai da gudu yake sauka ba, ninki yake sauka.

Na ga wannan da idona a wani fili bayan Bukuru. Wani bawan Allah ya sayo Perkins mai silinda shida da aka cire daga janaretan wani kamfani, fes da shi, ko ɗigon mai babu. Ya riga ya biya mai walda an zaunar da shi kafin a kira ni. Direba ya tayar, ya kunna ganga, ya nufi wani kututturen bishiyar turare da bai fi cinyata kauri ba. Maimakon kukan nan mai kaifi da ganga ke yi, sai gurnani. Haƙora suka kama itacen suna yagar ɓawo, ganga ta tsaya cak da kututturen a bakinta.

"Malam, a ƙara masa totur mana," in ji mai motar.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, totur ɗin ke nan gaba ɗaya. Iyakar gudun da aka haife shi da shi ke nan."

Ana iya sauya famfon gas da gwamna, wato abin da ke ƙayyade juyin inji, a ɗaga juyin, amma tobo da nozul da lokacin feshi duk na 1,500 ne. Kafin ka gama canza su ka biya kuɗin injin da ya dace.

Na biyu, bakin da famfo ke shiga. Gidan filawil, wato murfin da ya kewaye faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan inji, yana da lamba ta ma'aunin SAE. Lamba 4 faɗin bakinsa kusan milimita 362, lamba 3 kusan 410, lamba 2 kusan 448. Shi ma filawil ɗin yana da girmansa, inci 10, ko 11 da rabi, ko 14. Auna naka da tef ka rubuta, ka auna zurfin da ke tsakanin fuskar gidan da fuskar filawil. In sabon injin danginsu ɗaya da tsohon, sau da yawa sai kawai ka cire gidan da filawil na tsohon ka mayar kan sabon. In ba dangi ba ne, dole lambobin su zo ɗaya, in ba haka ba sai an ƙera faranti a wurin tana, aikin da ba kowane mai juya ƙarfe ke iya fitar da shi a tsakiya daidai ba.

Na uku, tsawo da faɗi da tsayi, da gefen da sitata da filtoci da sandar auna mai suke. Ɗakin injin malca matsattse ne, an rufe shi da ƙarfe ko'ina saboda rassa. Filtar da ta faɗa jikin bango, direba ba zai riƙa canza ta ba, kai ma ka sani. Duba kaskon baƙin mai: zurfinsa gaba yake ko baya, kuma mai zurfi ne irin na motar hawa gangare? In kaskon tsohon zai hau sabon, ɗauke shi tare da bututun tsotsonsa da sandar aunawarsa, su ukun tare suke tafiya.

Na huɗu, wuta: bolt 12 ko 24.

Sai maganar tudu. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, iska ba ta da kauri kamar ta Legas. Injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300, wato ka yi bankwana da fiye da kashi goma tun kafin ya taɓa itace. Kada ka sa inji marar tobo a malca a Filato. Kada kuma ka ce tunda haka ne bari in sa ƙato. Doki ya ƙaru, zafi ya ƙaru, lagireto kuwa na nan yadda yake, kofulin da ke haɗa filawil da famfo ma an auna shi ne da ƙarfin tsohon. Ɗan ƙari kaɗan ba laifi, ninki kuwa fitina ne.

Tambayar da aka fi yi mini: a cire inji mai ƙwaƙwalwa, wato wanda kwamfuta ke sarrafawa, a sa na gargajiya, irin Cummins 6BT mai famfon gas marar kwamfuta? Ra'ayina, in motar tsohuwa ce mai agogo da allura, yi, za ka huta, domin na gargajiya ya fi haƙuri da gas ɗin jarka da ake kaiwa daji. In kuwa motar na da allo a gaban direba, yi tunani sau biyu. Kwamfutar motar na hira da ta injin ta layin J1939, daga nan take sanin juyi da nauyin da inji ke ɗauka, har ta rage gudun sarƙa in ganga ta shaƙe. Ka cire injin, ta rasa abokin hira, wata ma ta ƙi sakin birki. Ana yi, amma sai da rewaya wanda ya san manyan motoci, ba na Golf da Sharon ba.

Mataki na 3: Gwada injin a gaban mai sayarwa

Leƙa Dilimi da Farin Gada tukuna, ko ba ka samu inji ba za ka samu wanda ya san inda yake. Manyan injina 'yan Beljiyam galibi daga Ladipo ta Legas suke haurowa, ana kuma dacewa a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Duk inda ne, tafi da bakanikenka da tef da agogon auna matsin mai naka na kanka.

A tayar da shi da sanyinsa. Taɓa bulo kafin a buga, in da ɗumi an riga an gasa shi don ya ɓoye wahalar tashi. Ɗaura agogonka, ka ga matsin mai da sanyi, ka sake gani bayan ya yi zafi, na biyun ne gaskiya. Buɗe murfin zuba mai ka ɗora tafin hannu: ɗan huci ba komai, amma in yana bugun hannunka kamar bakin salansa, ringi sun tafi. Kama sandar tobo ka girgiza, kada fuka-fukan su taɓa bango. Sa ƙarfe ka tura filawil gaba da baya, motsin kada ya kai rabin milimita.

Gargaɗi: in mai ƙwaƙwalwa ne, a ba ka shi da birenbos ɗinsa, wato kwamfutarsa, da wayoyinsa ba a yanke ba. 'Yan kasuwa na son datse waya da almakashi lokacin sauke kaya. Kuma ka guji sababbin injinan Turai da Amurka masu tukunyar tace hayaƙi da ruwan AdBlue, sai in motarka da irinsa ta zo. An yi su ne don gas mai tsabta ƙwarai, da sun ga abin da ba su so sai su rage wa kansu ƙarfi a tsakiyar aiki.

A rubuta yarjejeniya: kwana nawa na gwaji, kuma kwanakin su fara daga ranar da aka tayar da shi a cikin mota, ba ranar da aka loda shi ba.

Mataki na 4: Kuɗi da kayan aiki

Farashin inji dala yake bi, wanda aka faɗa maka yau ba shi ne na mako mai zuwa ba. Abin da ba ya canzawa shi ne wannan: kuɗin inji ba shi ne kuɗin aiki ba. Ni dai in inji iri ɗaya za a mayar, nakan ce wa mai mota ya ware kwatan kuɗin injin a gefe. In wani iri ne daban, ya ware rabi, kuma kada ya yi mamaki in an cinye. Inda kuɗin ke tafiya: dako daga kasuwa, hayar Hiab na ɗagawa sau biyu, sabon kofulin, robobin mazaunin inji, tiyo da kilif, fanbel, filtoci duka, baƙin mai 15W-40, ruwan lagireto, cikon man haidirolik, wankin lagireto, ladan rewaya da mai walda da tana. In motar a daji ta mutu, ƙara kuɗin lobed, wato tirelar ɗaukar manyan motoci, ko na kwana da abincin yara a can.

Kayan aiki: cenbulok na tan 2 zuwa sama da ƙafafunsa in babu Hiab, sarƙa da sandar raba nauyi, bel na ɗaure kaya, sifana da soket na milimita da na inci domin motocin Amurka na gauraya su, sifana mai auna ƙarfin ɗauri, agogon auna karkata mai maganaɗisu, murafan toshe tiyo, tef na takarda da maka, bokitai masu tsabta, da tukunyar kashe gobara. Injin silinda shida ya kusa rabin tan shi kaɗai, kada wani ya ce maka igiya da reshen mangwaro sun isa.

Mataki na 5: Kashe haɗari, sannan a kwance

Ajiye motar a wuri mai tauri da ya daidaita. Sauke kan niƙa har ƙasa. Motsa sandunan haidirolik gaba da baya don matsin da ya maƙale ya sauka, ka sassauta murfin tankin a hankali. Cire waya baƙa ta batir tukuna, sannan ja. Makulli ya kwana a aljihunka.

Gargaɗi: in ɗakin direba ake ɗagawa don a kai ga inji, sa sandar tokare da aka yi dominsa. Kada kowa ya sa kai a ƙarƙashi da dogaro ga jek kaɗai. Kada kuma a lalubi yoyon haidirolik da hannu, man da ke ƙarƙashin matsi yana huda fata kamar allura, kuma raunin na asibiti ne nan take ko da ƙaramin ɗigo ya yi kama.

Buɗe farantan ƙarƙashin ciki ka wanke motar kafin ka kwance ko tiyo ɗaya. Abin da za ka tarar a can zai ba ka tsoro: dusar itace ta sha gas da baƙin mai ta daskare kamar tubali, wani wuri kaurin taƙi guda, sai da shebur. Wannan ita ke cinye malca da wuta, kuma za a yi walda a kanta nan gaba.

Ɗauki hoto ta kowane gefe, da yawa. Duk waya da tiyon da ka cire, naɗa masa tef ka rubuta lamba, ka rubuta irinta a inda ya fito. Tsiyaye ruwa da baƙin mai. Sannan bi da bi: murfin sama da ƙarafan kariya, salansa, gidan filtar iska, bututun iska mai sanyi, tiyon lagireto, fanka da kewayenta, layin gas, wayoyi, wayar totur in akwai. Kowane baki da ya buɗe a toshe shi nan take. Leda da roba sun fi tsumma, tsumma na barin zare.

In da hali, kada ka buɗe layukan famfon haidirolik sam. Rataye famfon da bel a jikin firam, ka kwance kusoshin da suka haɗa shi da gidan filawil, ka ja shi baya har sandarsa ta fita. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin famfon nan ta fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, kuma lokacin hunturu a Jos iska kanta yashi ce.

Mataki na 6: Ciro tsohon

Maƙala sarƙa a kunnuwan ɗagawa da aka yi wa injin, da sandar raba nauyi don jan ya zama a miƙe. Ɗan ɗauki nauyin, kwance kusoshin mazauni, ɗaga taƙi ɗaya ka tsaya. Zagaya da tocila. Kullum akwai wayar ƙasa ɗaya ko siririn tiyon komawar gas da aka manta. Mutum ɗaya ne ke ba mai ƙugiya umarni, sauran su yi shiru, kuma ba hannu tsakanin inji da firam.

Ajiye shi kusa da sabon a kan katako, gefe da gefe.

Mataki na 7: Kwashe kayan tsohon, gyara ɗakin

Yanzu da suke jere, bambancin da tef bai nuna ba ido zai nuna. Mayar da abin da ya kamata: ƙafafun mazauni, gidan filawil, kasko, kan fanka, bakin ruwa, na'urorin auna zafi da mai. Tun injin na ƙasa canza sil na gaba da na bayan karanshaf da tamostat. A ƙasa aikin minti talatin ne, a cikin mota kwana biyu.

Lagireto da mai sanyaya man haidirolik su je wanki ciki da waje.

Gargaɗi, kuma da babbar murya: in tobon tsohon injin ya fashe, akwai baƙin mai kwance a cikin mai sanyaya iska da bututunsa. Ka haɗa shi haka, sabon injin zai shaƙi man ya mayar da shi abinci, ya yi ta hawa babu birki, ka kashe makulli bai san kana yi ba, har sai ya watse. A wanke shi tas a busar, in akwai gutsattsarin ƙarfe a ciki a sauya shi. Tankin gas ma a zubar da na ƙasa a wanke, ruwa da laka a nan suke kwana.

Mataki na 8: Zaunar da sabo, haɗa shi da famfo

Sauke shi a hankali, kusoshin mazauni a sake tukuna. In sai an ƙera sababbin ƙafafu, famfo ne zai nuna inda inji zai zauna. Haɗa su, ka ga tiyo ba su ja ba, fanka na tsakiyar kewayenta, sannan mai walda ya ɗiga, a fitar da ƙafafun a ƙone su a waje. A kan roba inji ke zama, kada a like shi da firam.

Gargaɗi: kafin sandar walda ta taɓa motar, cire batir, cire filogin birenbos da na kwamfutar mota, kuma a maƙala wayar ƙasa ta walda dab da inda ake aiki.

In ka canza gidan filawil, ɗora agogon auna karkata a jikin filawil, ka juya inji da hannu zagaye guda, ka ga bakin gidan na tsakiya kuma fuskarsa ba ta karkace ba, gwargwadon abin da littafin injin ya yarda. Gidan da ya kauce shi ke cin kofulin duk bayan 'yan makonni, a yi ta zagin mai sayar da kaya.

Sa sabon kofulin ko da tsohon na da kyan gani. Duba haƙoran sandar famfo, in sun yi kaifi kamar bakin zarto su ma sun gama. Famfo ya shiga da turin hannu har fuska ta haɗu da fuska. In ya rage rata ya ƙi shiga, fito da shi ka nemi dalili. Kada a jawo shi da kusoshi, wannan shi ne kuskuren da na fi gani a hannun yara masu sauri. Bayan an ɗaure, sake tura karanshaf gaba da baya kamar yadda ka yi a kasuwa. In motsin nan ya ɓace, sandar famfo na danne shi, kuma cikin 'yan awoyi metal ɗin da ke tare shi zai narke ya tafi da bulo. Kusoshin filawil da na kofulin da sifana mai aunawa ake ɗaure su, ba da faif a kan sifana ba.

Mataki na 9: Iska, ruwa, gas, waya

Dubi fanka da kyau. Wata tana jan iska ta cikin lagireto zuwa inji, wata tana turawa waje, wasu motocin ma tasu na juya fuka-fuki lokaci-lokaci don ta busar da dusa. Yadda ta tsohon take, haka sabuwa za ta kasance. Juya fanka baibai ba ya canza inda iska ke bi, ƙarfinta kawai yake ragewa. Kewayen fanka da soso ko robar da ke toshe gefen lagireto duk a mayar, in ba haka ba iska mai zafi za ta riƙa zagayowa.

Tiyon iska daga filta zuwa tobo ya zama sabo, kilif masu ƙarfi. Salansa ta samu gaɓa mai lanƙwasa tsakaninta da tobo, a naɗe ta da rigar zafi, a nisanta ta da tiyon mai. Zuba ruwan lagireto na gaskiya, ba na rijiya ba, da sabon murfi. A tudun Jos ruwa na tafasa tun wajen digiri 96, murfin da ba ya riƙe matsi ya ƙara rage maka tazara.

A layin gas sa filta mai raba ruwa kafin ta jikin inji. In ka koma injin gargajiya, rewaya zai haɗa maka abin kashe gas da makulli, wayar totur, agogon zafi da na mai, da na'urar ƙirga juyi a kan haƙoran filawil don kwamfutar mota ta samu abin karantawa. Ƙirga haƙoran, in yawansu ya bambanta da na tsohon, allo ƙarya zai riƙa faɗa. Roƙona ɗaya, a sa ƙararrawa ko abin da zai kashe inji in mai ya faɗi ko zafi ya hau. Direban da ke kallon bishiya na faɗowa ba ya kallon agogo.

Mataki na 10: Tayarwar farko

Zuba baƙin mai, ka ɗiga kaɗan a bakin man tobo ka juya shi da yatsa. In an buɗe famfon haidirolik, cika cikinsa da mai ta bakin sama kafin komai. Hana gas zuwa, ka buga sitata har agogon mai ya motsa. Kada bugu ɗaya ya wuce daƙiƙa 30, a huta minti 2 tsakani.

Fitar da iskar da ta shiga layin gas da famfon hannu. A injin gargajiya kana iya sassauta bututun nozul. A mai ƙwaƙwalwa haram, matsin cikinsa ya haura ba 1,000 nesa ba kusa ba, kuma kada a cika filtarsa da gas daga jarka, dattin kai tsaye zai wuce.

Mutum ɗaya a makulli, ɗaya riƙe da faffaɗan katako kusa da bakin tobo don toshe iska in inji ya gudu, ɗaya da tukunyar gobara. In ya tashi kuma matsin mai bai hau ba cikin daƙiƙa 15, kashe.

Gargaɗi: safiyar Disamba da Janairu a Jos inji na nauyin tashi, sai ka ga yaro ya jiƙa tsumma da fetur ya nufi bakin iska. Hana shi. Yawancin injinan nan na da waya mai ɗumama iska a maƙogwaro, fetur ya same ta da zafi sai fashewa.

Bar shi a ƙaramin juyi ya yi ɗumi, kana zagayawa da tocila. Duba matsin ƙaramin famfon da ke ciyar da manyan, galibi tsakanin ba 20 da 30 yake, in bai hau ba kada a motsa sarƙa. Kashe, jira ya huce, cika ruwa da mai, sake ɗaure kilif.

Mataki na 11: Gwaji a daji

Yi tafiya gaba da baya ba tare da ganga ba. Sannan kowa ya ja nesa sosai, a kunna ganga a ƙaramin juyi, a ɗaga a hankali har ƙarshe. Auna juyin inji da na ganga da na'urar hannu, ka gwada da abin da ke kan farantin kan niƙa. Fara da ciyawa da ƙananan sabara na awa guda, sannan itace. Kunnenka zai gaya maka sauran: in ganga ta ci itace inji ya ɗan sunkuya ya miƙe, lafiya. In ya durƙusa yana baƙin hayaƙi, famfo ya fi ƙarfinsa ko saitin rage nauyi bai kama ba, a dawo a duba kafin a ci gaba. A yi gwajin da tsakar rana, domin sanyin safiyar Jos na rufa wa lagireto asiri, kuma motar da ta yi lafiya a Heipang tana iya tafasa ranar da aka kai ta kwangila Gwagwalada a watan Maris.

Bayan awa 10 a bi kusoshin mazauni da na famfo da fanbel. A awa 50 a zubar da baƙin mai, a yanka filtar a duba ta a rana kamar yadda aka yi wa ta tsohon. Rubuta lambar sabon injin da lambobin filtocinsa da fenti a cikin murfin ɗakin inji, domin daga yau littafin motar ba zai ƙara ba mai sayen kaya amsa daidai ba. Tsohon injin kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan da wuri. Toshe bakunansa, rufe shi da tamfol a kan katako, akwai ranar da za a nemi sitata ko famfon ruwa a tsakiyar aiki, Legas kuwa da nisa.